Awon Karatu da Mudun Wani Gari

Duk wanda ya bar birnin Agadas ya nufi arewa maso gabas, ya bi gaɓar ƙoramar Telwa tafiyar kilomita 45 ko kusa da haka, zai iske baƙaƙen duwatsun Abzin sun ɗan ja da baya sun bar wa ɗanyen ganye wuri. Nan ne Dabaga, garin lambuna, inda albasa da tumatir da dankalin turawa da alkama suke tsirowa a ƙarƙashin inuwar dabino. Ruwan sama bai wadata a can ba, amma ƙoramar, wadda ba ta gudana sai ƴan kwanaki a cikin damina, takan ɓoye ruwanta a cikin yashi, mutane kuma su haƙa rijiya su bi shi. A da raƙumi ko sa ne yake jan guga a kan katakon da Abzinawa suke kira tekarkart. Yau ƙarar injin ban ruwa ce take tayar da mai barci da asuba. A irin wannan wuri kowa yakan san awo tun yana yaro, domin ruwa da awo ake ba da shi, iri da awo ake zuba shi, abin da aka girbe ma sai an auna kafin a san ko shekara ta yi albarka.

A cikin lambunan nan akwai na wani dattijo da bai taɓa zama a ajin lakkol ba, amma babu dillalin albasar da ya taɓa cutarsa a lissafi. Ɗansa na uku ne Allah ya nufa da karatun boko. Ya yi firamare a Dabaga, ya yi kwaleji da lise a Agadas, ya ci jarrabawar bakaloriya, sannan ya shiga ɗaya daga cikin jami'o'in ƙasar, ya shekara uku yana karatun ilimin ƙasa da duwatsu, a 2023 ya fito da digirin farko da ake kira lisans. Tun yana ƙarami yake jin mahaifinsa yana ƙorafin cewa rijiyar lambu tana ƙara nisa da hannu, duk ƴan shekaru sai an ƙara mata zurfi. Wannan ne ya sa masa burin karantar ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa a digiri na biyu, ya kuma zaɓi wata jami'a ta arewacin Najeriya. Dalilansa a fili suke: babu teku a tsakani, Hausar da yake ji a kasuwar Agadas za ta kai shi ko'ina a can, kuma hanya ce da kakanninsa suka sha bi da ayarin gishirin Bilma, har a cikin birnin Kano akwai unguwar da ake kira Agadasawa.

Ya aika da takardunsa, ya zauna jira. Amsar da ta zo gajeriya ce, kuma babu rashin ladabi a cikinta. An ce digirinsa na shekara uku ne, nasu na shekara huɗu; an ce takardar makinsa ta jera sunayen darussa da lambobi, amma ba ta faɗi abin da aka karanta a cikin kowane darasi ba; saboda haka ko dai ya yi shekara guda ta share fage kafin digiri na biyu, ko kuwa ya kawo ƙarin shaida a zagayen ɗaukar ɗalibai na gaba. Shekara guda a bakin mai rubuta wasiƙa kalma biyu ce kawai. A lambun Dabaga kuwa albasar kaka ɗaya ce sukutum, da kuɗin man inji, da auren ƙanwa da za a ɗage.

Bayan sallar magariba saurayin ya fassara wa mahaifinsa wasiƙar. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, “Nawa ka ce takardarka ta nuna?”

“Kiredi 180, Baba.”

“Su nasu yaran da nawa suke fita?”

“Da 120, ko sama da haka kaɗan.”

“To, ɗana, a wace kasuwa ce 180 ta kasa kai 120?”

Saurayin bai iya ba da amsa a daren ba, ko da yake shekara uku ya yi yana tara waɗannan lambobi. Ba shi kaɗai ba ne. Da yawa daga cikin ɗaliban da suke fita da kiredi 180, har da wasu malaman da suke rubuta lambar a gefen darasinsu, ba su taɓa tsayawa sun tambayi abin da ake aunawa da ita ba. Tambayar mai lambu ta cancanci amsa, amsar kuwa sai an bi ta ƙasashe uku kafin a dawo da ita gida.

Asalin ƙidaya karatu da lamba daga Amurka ya fito. Kafin tsakiyar ƙarni na 19, ɗaliban kwaleji tafarki guda suke bi, daga wannan littafi zuwa wancan, don haka babu abin ƙidayawa sai shekaru. A 1869 Charles Eliot ya zama shugaban Jami'ar Harvard, ya faɗaɗa tsarin barin ɗalibi ya zaɓi darussansa. Da zaɓi ya shigo, sai aka rasa yadda za a ce wanda ya karanta Girkanci da wanda ya karanta kimiyyar sinadarai sun yi aiki daidai da juna, aka duba aka ga babu abin da ya haɗa su sai lokacin da kowannensu ya zauna a gaban malami. Abin da ya ƙara kafa wannan awo kuwa maganar fansho ce. A 1905 attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya ba da dalar Amurka miliyan 10 domin fanshon malaman jami'a, gidauniyar da aka kafa kuma ta ga dole ta tantance makarantar da ta cancanci shiga tsarin. A 1906 ta tsayar da ma'auni ga karatun sakandaren da kwaleji za ta nema daga masu shigowa: sa'o'i 120 na zama a aji a kan fanni guda a cikin shekara. Daga wannan tunani ne kiredin jami'o'in Amurka ya samo siffarsa ta yau, wato sa'a 1 a aji da aƙalla sa'o'i 2 na nazari a gida, kowane mako, tsawon mako 15. Digirin shekara huɗu yawanci 120 ne na irin wannan.

Najeriya ta fara da tsarin Ingila, tun daga kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948, daga baya jami'o'inta suka koma ga awon Amurka, hukumar kula da jami'o'i ta NUC kuma ta daidaita shi a ƙasa baki ɗaya daga ƙarshen shekarun 1980. A can ana kiransa yunit: sa'a 1 ta lacca a kowane mako na zangon karatu mai mako 15, ko sa'o'i 3 a ɗakin gwaje-gwaje. Ɗalibi yakan ɗauki yunit 15 zuwa 24 a zango, kuma ba ya samun digirin shekara huɗu da ƙasa da 120. Abin lura shi ne wannan awo daga wajen malami yake kallon aiki. Yana ƙidaya sa'o'in da malami ya tsaya a gaban allo.

Turai ta kalli abin ta wata fuska. A 1987 aka ƙaddamar da shirin Erasmus domin ɗalibi ya yi zango ɗaya ko biyu a wata ƙasa ya dawo, nan take kuma matsala ta bayyana: wanda ya dawo daga Italiya zuwa Beljiyam da me za a auna abin da ya yi? A 1989 aka fara gwada ma'aunin ECTS, wanda yake kallon aiki daga wajen ɗalibi. An ce shekarar cikakken ɗalibi, da laccarsa da karatun ɗakinsa da aikin gwajinsa da shirin jarrabawarsa, takan ci sa'o'i 1,500 zuwa 1,800. Aka raba ta kashi 60, kowane kashi ya zama kiredi guda, mai nauyin sa'o'i 25 zuwa 30. A watan Yunin 1999 ministocin ƙasashe 29 suka sa hannu a kan sanarwar Bologna, Faransa kuma ta sake fasalin digirorinta zuwa matakai uku, lisans da masta da doktora, abin da aka taƙaita da LMD.

Da Faransa ta sauya, sai ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci suka ga in ba su bi ba takardun ƴaƴansu za su zama baƙi a inda aka saba karɓarsu. A 2005 wasu jami'o'in Afirka ta Yamma suka kafa ƙungiyar REESAO a Lome domin tafiya tare, a 2007 ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta su rungumi LMD, a 2010 Nijar ta mayar da shi doka. A shekarar ce aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 kuma na Agadas da Diffa da Dosso da Tillaberi suka biyo baya, bayan doguwar kaɗaitar Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai a matsayin jami'ar gwamnati. Tsohon tsari shekara yake aunawa: ko ka ci shekara ka wuce, ko ka maimaita ta. Sabon tsari ya ce abin da ka ci ka ci, an ajiye maka shi, kuma kana iya ɗaukarsa zuwa wata jami'a. Zango guda kiredi 30 ne, lisans zango shida ne, shi ya ba da 180 ɗin da ke takardar saurayin Dabaga. Sai dai a wannan yanki nauyin kiredi yakan tsaya tsakanin sa'o'i 20 da 25.

Yanzu mai karatu yana iya yin lissafin da kansa, ya ga inda gizo yake saƙa. Ofisoshin tantance takardu da yawa sun saba da gajeriyar hanya: a raba kiredin Turai biyu a sami na Amurka. Da wannan, 180 ta koma 90, saura 30 kafin 120, wato shekara guda cif. Amma in aka koma ga sa'o'i, labari ya sauya. Kiredin Amurka guda, da aikin aji da na gida, sa'o'i 45 ne. A ninka da 120 a sami 5,400. Kiredi 180 kuma, in kowanne sa'o'i 30 ne, 5,400 ɗin ne dai. In 25 ne, 4,500. In 20 ne, 3,600. Takarda ɗaya ke nan, amma takan cika mudu ko ta gaza gwargwadon hannun da ya riƙe mudun. Akwai kuma lissafi na uku da ake yawan mantawa. Yaron Nijar yakan yi shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, jimilla 13 kafin jami'a. Yaron Najeriya yakan yi 6 da 3 da 3, jimilla 12. A ƙara wa na farko 3, a ƙara wa na biyu 4, dukansu sun shekara 16 a kan benci. Shekarar da ake cewa ta ɓace tana nan a ajin ƙarshe na lise, inda babu wanda ya rubuta mata kiredi.

Maki ma haka yake. A Nijar ana ba da shi a kan 20, da 10 ake wucewa, kuma malaman da suka gaji al'adar Faransa ba sa sakin 16 sai da ƙyar. Ɗalibin da ya fita da 13 ya yi ƙoƙari ƙwarai. In an mayar da 13 ɗin nan kashi cikin ɗari, 65 ke nan: a jami'ar Najeriya darajar B ce, a yawancin makarantun Amurka kuwa D ce, dab da faɗuwa. Bugu da ƙari tsarin LMD ya yarda darasi mai ƙarfi ya ɗauki mai rauni, ta yadda 8 a nan da 14 a can za su haɗu su wuce tare, alhali a Najeriya kowane darasi da ƙafarsa yake tsayawa, wanda ya faɗi sai ya sake shi. Jami'in da ya ga 8 cikin 20 a takarda, kusa da ita kuma an rubuta an ci darasin, dole ya ɗaga gira in babu wanda ya yi masa bayani.

Sai da saurayin ya yi makonni yana tambaya yana karatu kafin ya haɗa wannan bayani, ya kawo wa mahaifinsa. Abin mamaki, dattijon bai sha wahalar fahimta ba. Ya ce ai wannan tsohon zance ne. Tiyar Agadas daban, mudun kudu daban, ko a kasuwa ɗaya akwai mai awo a shafe da mai awo da tozo. Buhun albasa ma suna ne kawai, domin akwai buhun da ake ɗinke bakinsa, akwai kuma wanda dillali yake sa a ɗora masa hula har ya kusa zama buhu da rabi, duk kuma buhu ɗaya za a rubuta a takarda. Mahaifinsa, in ji shi, ya sha kai hatsi Bilma ya karɓo kantun gishiri da dabino, kuma bai taɓa yarda da sunan ma'auni ba sai ya ga ƙwaryar da idonsa. Sannan ya ƙara da maganar da ta fi zama a zuciyar yaron: “Amma wanda ya san kakanka ba ya sake auna kayansa. In ya ce goma ne, goma ne.”

Da wannan magana mai lambu ya taɓo jijiyar al'amarin, domin kalmar kiredi kanta daga Latin ta fito, daga kalmar da ke nufin yarda, shi ya sa ma bashi yake amsa wannan suna a bakin ƴan kasuwa. Lamba tana faɗin tsawon lokacin da aka ɗauka, amma ba ta faɗin abin da ya shiga kai, ba ta kuma faɗin ko mai rubuta ta mai gaskiya ne. Abin da yake ɗaukar ta ya ƙetare da ita iyaka shi ne amincewar mai karɓa da mai bayarwa.

Ƙasar Abzin ta san wannan tun kafin a haifi Harvard. Malam al-Aƙib na Anu Samman ya ɗauki karatu wurin al-Maghili, ya kuma isa Masar ya ɗauka wurin as-Suyuɗi. A ƙarni na 18 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo Agadas ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umar, ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi daga gare su da littattafan da ya karanta. Takardar shaidar wancan zamani ita ce ijaza: malam ya rubuta cewa wane ya karanta littafi kaza a gabana, na yi masa izinin karantar da shi, kamar yadda na karɓa daga wane, shi ma daga wane. Babu sa'o'i a ciki, babu lamba. Akwai sunan littafi, akwai sunan mutumin da ya ɗora mutuncinsa a kan ɗalibin. Da irin wannan takarda almajiri yakan tashi daga Agadas ya sauka Katsina ko Tambutu ko Alƙahira, a ba shi wurin zama gwargwadon karatunsa. Ba za a ce a koma can ba, domin ijaza ta yi aiki ne a lokacin da malamai ƴan kaɗan ne kuma sun san juna, ba ta iya ɗaukar dubban ɗaliban da suke fita kowace shekara a yau. Amma ta riƙe abubuwa biyu da lamba ta saki a hanya: me aka karanta, kuma wa ya tsaya shaida.

Duk hukumomin da aka kafa a kan wannan batu ƙoƙari ne na mayar da waɗannan abubuwa biyu. A Yamai aka yanke shawarar kafa CAMES a 1968, aka ajiye hedkwatarta a Wagadugu, masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo ya zama babban sakatarenta na farko, a 1972 kuma aka ƙulla yarjejeniyar Lome ta amincewa da digirorin juna. Saboda haka takardar Nijar takan shiga Dakar ko Abijan ba tare da dogon bincike ba. Najeriya ba ta cikin wannan rumfa, shi ya sa Maraɗi da Katsina, da suke cin kasuwa ɗaya suna auren juna, suka fi nisa a takarda fiye da Maraɗi da Dakar. Ba al'umma ce ta raba su ba, gadon mulkin mallaka biyu ne. An yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar a matakin nahiya da yarjejeniyar Arusha ta 1981, wadda aka sabunta a Addis Ababa a 2014 ta fara aiki a 2019, sai kuma yarjejeniyar duniya ta UNESCO da ta fara aiki a 2023. Ruhinsu guda ne da na yarjejeniyar Lisbon ta 1997: a karɓi karatun baƙo sai in an nuna bambanci mai girma, kuma nauyin nuna bambancin yana kan mai ƙin karɓa. Magana ce mai kyau, sai dai tsakanin sa hannun minista da teburin jami'in ɗaukar ɗalibai akwai tafiya.

Yarda kuma abu ce mai saurin fashewa. A watan Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A farkon Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo. Nijar ba ta cikin sanarwar farko ta dakatarwar, amma masu iya magana sun ce wake ɗaya ke ɓata gari, duk takardar da ta zo da Faransanci sai aka riƙa juya ta sau biyu. A daidai lokacin kuma iyakar ƙasashen biyu tana rufe tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. Saurayin Dabaga bai sayi takarda ba, bai kuma rufe iyaka ba, amma ya biya nasa kason na duka biyun.

Shekarar jiran nan bai yi ta a zaune ba. Da safe yana kan bakin rijiya, da rana yana kan tsofaffin littattafan rubutunsa, waɗanda mahaifiyarsa ta adana a cikin akwatin ƙarfe ba don ta san amfaninsu ba, sai don ba ta yarda a zubar da takarda mai rubutu. Daga cikinsu ya fitar da jerin abin da aka koyar a kowane darasi, babi bayan babi, da sa'o'in lacca da na gwaji da na fita daji duba duwatsu. Ya koma tsohuwar jami'arsa ya sami wani malaminsa da ya kusa ritaya, ya gaishe shi, ya ce, “Malam, alfarma nake nema, a duba wannan a gyara, in ya yi daidai a sa hannu.” Malamin ya riƙe takardun kwana uku, ya gyara abin da ya gyara, ya kai wa shugaban sashe ya buga hatimi, ya kuma ƙara da shafi guda na bayanin yadda ake ba da maki a kan 20 da yadda darasi yake ɗaukar darasi. A Turai irin wannan bayani yana da takardarsa ta musamman da ake haɗawa da digiri. A nan sai da ɗalibi ya haƙo shi da hannunsa. Daga nan ya kai wa mai fassarar da hukuma ta amince da shi, ya biya, aka mayar da komai Ingilishi.

Da iyaka ta buɗe ya ɗauki hanya da kansa, ta Damagaram, domin gani ya kori ji. Ya bi matakan tantancewa na hukuma, sannan aka tura shi sashen da yake nema. Wani farfesa mai furfura ya karɓi kundin, ya ajiye takardar makin a gefe, ya buɗe bayanin darussan yana bi da yatsa. Can ya ɗaga kai ya tambaye shi da Hausa yadda ake gane zurfin ruwa a cikin yashin ƙorama ba tare da an haƙa ba. Saurayin ya ce, “Ranka ya daɗe, akwai hanyar littafi, akwai kuma ta gidanmu,” ya faɗi duka biyun. Farfesan ya yi murmushi, ya ci gaba da tambaya har kusan sa'a guda. Kwamitin sashen bai ba shi duk abin da yake so ba. An ɗauke masa shekarar share fage, amma an ɗora masa darussa uku na digirin farko da aka ga babu su a karatunsa, aka kuma ce ya ƙarfafa Ingilishinsa. Hukuncin adalci ne, domin da gaske bai karanta darussan nan uku ba. Shekarar da ya rasa kuwa ta tafi, babu kwamitin da zai mayar masa da ita.

A nan ne maganar ta dawo kan malamai da ƙungiyoyin al'adu. Sauya yarjejeniyar ƙasashe ba ya hannunsu, amma abin da ya ceci wannan yaro yana hannunsu. Malamin da ya rubuta manhajar darasinsa a shafi guda, da sa'o'inta da littattafanta da yadda yake jarrabawa, ya ba ɗalibansa a ranar farko, ya rubuta musu ijazar wannan zamani. Malamin lise da ya ɗauki sa'a ɗaya ya bayyana wa ƴan ajin ƙarshe bambancin kiredi da yunit, ya gaya musu su adana kowace takardar maki ta kowane zango, su kuma tambayi jami'ar da suke nufi abin da take karɓa tun kafin su gama, ya tsare musu shekara guda ta rayuwarsu. Ƙungiyoyin da suke haɗa marubuta da malaman Damagaram da Kano, ko na Tawa da Sakkwato, suna da abin da ofisoshi ba su da shi, wato sanayya; in malaman sassa iri ɗaya na ɓangarorin biyu suka san manhajar juna, ɗalibi na gaba ba zai zo a matsayin baƙon da ba a san asalinsa ba. Kuma tun da Hausa ce harshen da iyaye suke ji a ɓangarorin biyu, ya dace a sami wannan bayani a rubuce da ita, domin wanda zai sayar da albasarsa ya biya kuɗin karatu yana da haƙƙin sanin mudun da za a auna ɗansa da shi.

Ranar da saurayin zai koma kudu ya fara karatu, mahaifinsa ya raka shi bakin hanya inda motar Agadas take tsayawa. Ya ba shi kuɗin albasar da aka sayar, a ƙulle a cikin tsumma, da ƙullin dabino na lambun. Ya ce masa, “Ka riƙa rubuta duk abin da aka karantar da kai, da sunan wanda ya karantar da kai. In ka dawo, su ma na nan za su ce sai sun auna.” Motar ta tashi, dattijon ya juya ya koma lambu, domin lokacin ban ruwan albasa ya yi, kuma rijiyar tana nan tana jiran wanda zai gaya mata inda ruwanta ya tafi.